Cizon kaska da zazzaɓin da ke biyo baya: yadda ake cire ta, da abin da ake yi kafin gwaji ya fito

Likitan Karkara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, ciyawa ta tashi, kaska ta yi yawa a jikin shanu da karnuka, don haka ina so mu tattauna abu biyu: yadda ake cire ta daga jikin mutum, da abin da ya kamata a yi idan zazzaɓi ya biyo baya. Zan fara da cirewa, domin a nan aka fi yin ɓarna.

Abin da ake buƙata shi ne hantsaki mai siririn baki, ko matsefatar cire ƙaya idan bakinta na haɗuwa sosai, sai safar hannu, sabulu da ruwa, da sifirit ko aidin. A buɗe gashin wurin a ga inda bakinta ya shiga. A kwantar da hantsakin a kan fata, a kama ta daidai inda ta haɗu da fatar, ba a tumbinta ba. Sai a ja sama a miƙe, a hankali, da ƙarfi iri ɗaya. Fatar za ta ɗago kamar tanti, kada a saki, kada a murɗa, kuma kada a fizga. A riƙe haka, wani lokaci har kusan minti guda, za ta saki. Bayan nan a wanke wurin da sabulu, a goga sifirit ko aidin, mai cirewar ma ya wanke hannu. Abu na ƙarshe, wanda kusan kowa ke mantawa, a rubuta ranar da aka cire ta da inda ta ciza. Wannan ranar ita likita zai fara nema idan jiki ya yi zafi.

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam Likita. Bari in ƙara bayanin dalilin da ya sa ba a fizga. Bakin kaska yana da wani tsinke da take sokawa cikin fata, mai ƙananan haƙora jere da suka juya baya kamar ƙugiyar kamun kifi. Bayan ta soka kuma tana zubo wani ruwa daga yawunta da ke daskarewa ya manne bakin da nama kamar danƙo. Fizga na tsinke jikin ya bar bakin a ciki.

Manyan kaskar shanu guda biyu ne suka fi dogon baki a yankinmu. Akwai Ambiliyoma, wadda namijinta ke da zane mai launin ruwan lemo a gadon baya, ita ce ake alaƙantawa da kirci a shanu. Akwai Hayaloma, mai baƙin baya ko ruwan ƙasa mai duhu, ƙafafunta da zobe-zobe fari da ja. Hayaloma ba ta zaman jira a kan ciyawa kamar sauran, tana iya bin mutum ko dabba a ƙasa da gudu. Kaskar kare ƙarama ce, ruwan ƙasa, bakinta gajere, tana fita da sauƙi. Sanin wacce ce ta ciji mutum yana da amfani, domin ba cuta ɗaya suke ɗauke da ita ba.

Ɗan Mahauta:
Malamai ina da tambaya. Abin da aka saba a kara da mayanka shi ne a ɗiga mata kalanzir ko baƙin mai, ko a kanga mata garwashi ko kan ashana, ta saki da kanta. Idan ta saki da kanta ai ba a bar kai a ciki ba. Ina laifin wannan?

Likitan Karkara:
Tambaya mai kyau, Malam. Laifin uku ne. Na farko, yawanci ba ta saki. Kaska numfashinta kaɗan ne ƙwarai, tana iya yin awoyi a lulluɓe da basilin ko mai tana ci gaba da shan jininta. An gwada basilin da jan farce da sifirit da ashana mai zafi a kan kaskar da ta kafe, ba su sa ta saki ba. Na biyu, duk lokacin da aka ɓata ana jira, yawunta na ci gaba da shiga jiki, kuma ta yawu cutar ke bi. Ana kuma fargabar cewa idan aka takura ta da zafi ko mai za ta ƙara zubo abin da ke cikinta. Na uku, wuta na ƙona fatar mutum, kuma tana iya fasa kaskar da ta ƙoshi, jininta ya fantsama a hannu ko ido. Kalanzir da ashana a wuri ɗaya kuwa, ba sai na faɗi abin da ke faruwa ba.

Sista Mai Jinya:
In babu hantsaki, zare na yi. A samu zaren ɗinki mai ƙwari, a yi masa zarge, a zura a kan kaskar har ya sauka ya kwanta a fata, a ɗaure a bakinta, sannan a ja bakin zaren biyu sama a hankali. Yana da ɗan wahala a kan ƙanana, amma a kan manya yana aiki. In shi ma babu, a sa leda ko tsumma a yatsu a kama kusa da fata. Da yatsa tsirara dai a'a.

Kuma don Allah a daina murtsuke ta tsakanin farce biyu don a ji ƙarar fashewar. Ba banza aka yi mata kirari da raɓi mai jini ba. A jefa ta cikin ƙaramar kwalba da sifirit a rufe, ko a naɗe ta tsaf da salatif, ko a jefa a masai. In an ajiye a kwalba ya fi, don a nuna wa likita.

Mai Haɗa Magani:
Likita, akwai 'yar ƙugiyar roba da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, kuma takardarta cewa take a murɗa. Kai kuma ka ce kada a murɗa. Wanne za a bi?

Malamin Dabbobi:
Duka biyun daidai ne. Ƙugiyar tana da tsaga, ana zura ta ƙarƙashin kaskar, bakin ya shiga tsagar, ba ta matse komai ba. Idan aka juya ta, kaskar gaba ɗaya ke juyawa tare. Hantsaki kuwa ya damƙe baki gam, idan ka murɗa kamar ka murɗe kan ƙusa ne, sai ya karye. Kowane makami da yadda ake riƙe shi.

Likitan Karkara:
Haka ne. Idan kuma bakin ya karye ya rage ɗan baƙin ɗigo a fata, kada a tada hankali. Jakar yawun tana cikin jikin da aka riga aka cire. In ya fito fili a ɗauke shi da hantsaki mai tsabta. In ya nutse, a bar shi, fata za ta turo shi kamar yadda take turo ƙaya. Tonon wurin da allura ko reza shi ke kawo ruwa da ƙurji. A duba kuma ko mutum ya yi allurar tetanus cikin shekara 10 da suka wuce.

Wurare biyu ne ba a taɓawa a gida: cikin kunne da fatar ido. Hayaloma na shiga kunnen makiyaya da yara, da zafi mai tsanani, wani lokaci har gefen fuska ya saki. Wannan sai asibiti, da fitila da kayan aiki.

Likitar Yara:
Zan ɗora a nan. Yaron da ya wayi gari yana tangaɗi, ƙafafu sun yi sanyi, raunin na hawa sama, babu zazzaɓi, a tsefe kansa a duba sosai, musamman 'yan mata masu kitso. Akwai dafi a yawun wasu kaska da ke kashe jijiya, kuma maganinsa cire kaskar, galibi yaro ya fara warwarewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a cika ganinsa ba, amma dubawar ba ta cin ko sisi. In numfashi ya fara wahala, asibiti nan take.

Wuraren dubawa bayan dawowa daga gona ko kiwo: gashin kai, bayan kunne, hammata, cibiya, ƙugu inda tazuge ke zama, matsematsi, bayan gwiwa, tsakanin yatsun ƙafa. 'Ya'yan kaska ba su kai ƙwayar gero ba, shi ya sa mutane da yawa ke rantsewa babu abin da ya cije su.

Likitan Karkara:
To mu shiga zazzaɓin. Cututtuka uku ya kamata su zo wa mutum a rai a wannan yanki, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Ta farko ita ce ta ƙwayar riketsiya. Wadda Ambiliyoma ke kawowa tana bayyana kwana 5 zuwa 7 bayan cizo, wani lokaci har 10. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, ciwon jiki, sanƙarewar wuya. Alamar da ke tona asirinta ita ce wurin cizon: baƙin ɓawo a tsakiya kamar an ɗosa kan sigari, da ja kewaye da shi, ba shi da zafi sosai, sai kaluluwa a hammata ko matsematsin da ke kusa. Sau da yawa ɓawon ya fi ɗaya. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai an tuɓe majinyaci an duba da haske an shafa da hannu. Wannan ba ta cika kisa ba. 'Yar uwarta da kaskar kare ke kawowa ta fi zafi, tana zuwa da ƙuraje har tafin hannu da tafin ƙafa, kuma tana iya taɓa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga.

Maganinsu doksisaikilin ne, miligiram 100 safe da yamma ga babba, kwana 7, kuma kada a tsaya sai an yi aƙalla kwana 3 babu zazzaɓi. Idan cutar ce, jiki kan faɗa cikin awa 24 zuwa 48. In an kai kwana 3 zazzaɓi na nan daram, a sake tunani, wataƙila ba ita ba ce.

Mai Awon Jini:
Abin da zan jaddada daga ɓangarenmu shi ne kada a jira mu. Gwajin garkuwar jiki na riketsiya a makon farko ba ya nuna komai ko da mutum na da cutar, na irin ta Ambiliyoma ma yakan kai mako 3 kafin ya nuna. Kenan sakamakon da ya ce babu, a ranar da majinyaci ya zo, bai wanke shi ba. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, daga ɓawon ko daga auduga da aka goga ƙarƙashinsa ya fi, amma ba ko'ina ake yi ba. Wanda ya ga tarihin cizo da baƙin ɓawo da zazzaɓi ya fara magani kawai.

Abin da za mu iya yi da sauri shi ne gwajin maleriya, kuma dole a yi shi, domin cizon kaska bai hana sauro cizo ba, ana samun biyun tare. Sai ƙidayar jini, musamman ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da awon hanta da ƙoda. Gwajin Widal kuwa shi ke ɓatar da mutane. Ya ɗan hau, a ce taifot ne, a ɗora mutum kan magani na mako biyu, kaska na gefe tana dariya.

Mai Haɗa Magani:
Kuma magungunan da aka saba bayarwa ba sa taɓa riketsiya. Amoksisilin, ampisilin, allurar seftirayazon, duk a banza, domin ƙwayar a cikin ƙwayoyin jikin mutum take ɓoye. Septrin da danginsa ma an lura suna iya ƙara tsananta ta.

Yadda ake shan doksisaikilin ma akwai ƙa'ida. A sha da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan minti 30, in ba haka ba ya maƙale a maƙogwaro ya ƙona shi, mutum ya kwana uku haɗiyar yawu na yi masa wuya. A ɗan ci abinci don tashin zuciya. Kada a haɗa da nono ko madara, ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko farin maganin gyambon ciki, domin suna ɗaure shi a hanji. A bar tazarar awa 2 zuwa 3. Ga makiyayin da fura da nono ne kalacinsa, sai an yi masa wannan bayani dalla-dalla. Yana kuma sa rana ta ƙona fata, mai aikin gona ya rufe jiki.

Amma Hajiya Likita, a yara fa? Abin da aka karantar da mu shi ne ba a ba ɗan ƙasa da shekara 8, saboda haƙora.

Likitar Yara:
Wannan dokar daga tsohon tetarasaikilin aka gado ta, kafson nan ja da rawaya, wanda shi kam yana rina haƙora. Doksisaikilin bai kama sinadarin ƙashi kamar shi ba, kuma binciken da aka yi kan yaran da suka sha na 'yan kwanaki bai nuna rinin haƙora ba. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ƙungiyar likitocin yara ta can suka ce a ba kowane yaro idan ana zargin riketsiya. Abin da ya kai su ga haka shi ne irin tasu riketsiyar, wadda ke kashe yara idan aka wuce kwana 5 ba a fara magani ba.

Awon shi ne miligiram 2.2 ga kowane kilo, sau biyu a rana, ga wanda bai kai kilo 45 ba. Yaro mai kilo 20 kenan miligiram 44 kowane sha. A auna yaron a sikeli, kada a yi kintace da ido.

Mai Haɗa Magani:
Na karɓa, amma da sharaɗin likita ne ya rubuta. Tsorona kada a ji wannan a fara sayar wa iyaye a kanta duk lokacin da yaro ya yi zafi.

Likitar Yara:
A nan ba mu da saɓani, Malam. Mai ciki ma haka. In cutar da sauƙi ana amfani da azitiromaisin, in ta yi tsanani har rai na cikin haɗari likita na iya zaɓar doksisaikilin ɗin. Ba hukuncin da ake yankewa a kemis ba ne.

Likitan Karkara:
Ta biyu ita ce zazzaɓi mai komowa, na ƙwayar boreliya. Kaskarsa daban ce, mai taushin jiki, ba a jikin shanu take ba, a ramukan ɓeraye take zama, har waɗanda ke cikin ɗaki. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin ƙasa da rabin awa ta koma, babu zafi. Babu abin cirewa, babu wanda ya gan ta. An fi nazarinta a karkarar Senegal da Mali da Muritaniya, inda aka gano tana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane asibiti da zazzaɓi, a Gabashin Afirka kuma akwai wata irinta mai zama a tsagar bangon ƙasa.

Salonta shi ne zazzaɓi mai zafi kamar kwana 3, ya sauka da gumi, mutum ya yi kamar mako guda garau, ya sake dawowa. Kowane zagaye sai a ce maleriya ce ba ta mutu ba, ko maganin jabu ne. Ga mai ciki tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Mai Awon Jini:
Ita kam muna iya ganinta, a kan gilashin da ake duba maleriya da rinin da aka saba. Siririya ce mai lanƙwasa kamar zaren da aka warware daga igiya, tana tsakanin ƙwayoyin jini, ba a cikinsu ba. Sharaɗi biyu: a ɗebi jinin lokacin da jiki ke da zafi, kuma a rubuta mana a takarda cewa ana zarginta. Wanda ke neman maleriya kawai zai wuce ta bai kula ba. Gwajin tsinke na gaggawa ba ya ganinta sam.

Sista Mai Jinya:
Wurin da jinya ke da aiki shi ne shan farko. Maganin dai doksisaikilin ne, kwana 7 zuwa 10, amma cikin awa 2 zuwa 4 da shan farko ƙwayoyin na mutuwa da yawa lokaci guda, jiki ya rikice: makyarkyata mai girgiza gado, zafi ya haura, bugun zuciya ya ƙaru, daga baya gumi ya karyo, awon hawan jini ya faɗi ƙasa. Likitoci na kiransa da sunan Jarisch da Herxheimer. 'Yan uwa kan ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, su hana sha na biyu. Don haka shan farko a gaban ma'aikaci ake yi, majinyaci a kwance, a riƙa auna shi na aƙalla awa 4, robar ƙarin ruwa a shirye. Kada a bar shi ya miƙe zumbur ya tafi banɗaki shi kaɗai.

Malamin Dabbobi:
Ta ukun ita ce ta shafe mu da mahauta kai tsaye, zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango. An fara bayyana shi a Kirimiya a 1944, aka samu ƙwayar a Kwango a 1956, a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Bairos ne, Hayaloma ce babbar mai yaɗa shi. Abin da ke sa shi haɗari a sana'armu shi ne saniya ko tunkiya ko akuya ko raƙumi na ɗauke da shi a jini kamar mako guda ba tare da ko atishawa ba. Dabba lafiyayya a ido, mai ƙiba, ka yanka, jininta ya shiga ƙujewar hannunka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Turkiyya na fama da shi tun 2002, Iraƙi ta ga ɓarkewa babba a 2022, Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, ta gani a 2003, a Sudan kuma ya taɓa yaɗuwa tsakanin ma'aikatan asibiti a Kordofan a 2008. A Najeriya an daɗe da samun ƙwayar a jikin kaska da dabbobi, an kuma ga alamarta a jinin mutane a Borno. Dabbobinmu kuwa ba su san iyaka ba.

Likitan Karkara:
Lokaci shi ne abin da ke fara bambance shi. Bayan cizon kaska yakan fito cikin kwana 1 zuwa 3, iyakarsa 9. Bayan taɓa jini kwana 5 zuwa 6, iyakarsa 13. Kenan zazzaɓin da ya faɗo kwatsam jibi da cire babbar kaska mai zoben ƙafa ya fi tayar min da hankali a kan wanda ya zo bayan mako da baƙin ɓawo. Yana farawa da ciwon kai, ciwon baya da wuya, jan ido da ƙin haske, amai, gudawa. Mutum ya riƙa fusata da ruɗewa, bayan kwana 2 zuwa 4 ya koma yawan barci. Jini na biyowa wajen kwana na 3 zuwa na 5: ɗige-ɗige a fata da cikin baki, haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, manyan tabo inda aka yi allura. Masu mutuwa yawanci a mako na biyu ne.

Abin da ake yi kafin a san ko shi ne: farasitamol kaɗai don zafi, giram 1 duk awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini, a rage in hanta ta taɓu, yaro kuma miligiram 15 ga kilo. Ban da asfirin, ban da aibufurofen, ban da dikulofenak, ban da garin ciwon jikin nan da ake haɗawa a ƙulli, domin duk suna hana jini daskarewa. Ban da allura a ɗuwawu, tana tara jini a cikin tsoka. Ruwan gishiri da suga, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, a riƙa kurɓa. Ni a ganina wannan dokar ta farasitamol kaɗai ta hau duk wani zazzaɓin da ya biyo cizon kaska, har sai an ga ƙidayar jini.

Sista Mai Jinya:
Da an ga jini ko an yi zargi mai ƙarfi, a ware shi a ɗaki, mai jinya ɗaya, da safar hannu biyu, takunkumi, abin kare ido, rigar leda. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, 6232. A ido ba a bambance shi da Lassa, matakin kariyar ɗaya ne. Inda jini ko amai ya zuba a kwarara ruwan kulorin kashi 0.5 cikin 100. In bilicin mai ƙarfin 3.5 ne, awo 1 a awo 6 na ruwa, in mai ƙarfin 5 ne, 1 a 9, kuma a haɗa sabo kullum. Kada a mayar da murfin allura da hannu biyu, ta nan ma'aikata ke kamuwa. Duk wanda ya taɓa jininsa a rubuta sunansa, ya riƙa auna zafin jiki kwana 14, in ba a cire Lassa daga zargi ba 21. In Allah ya yi masa rasuwa, wanka da sutura sai da ma'aikatan da aka horar, a yi wa iyali bayani cikin mutunci.

Mai Awon Jini:
A buga mana waya kafin a aiko da jinin. Kwalba cikin leda cikin akwati, a rubuta abin da ake zargi a waje. Ba a miƙa wa ɗan uwan majinyaci ya kawo a aljihu.

Ɗan Mahauta:
To shi wannan yana da magani? Kuma naman fa?

Likitan Karkara:
Ginshiƙin maganin shi ne tallafa wa jiki: ƙarin ruwa da lissafi, ƙarin jini da ƙwayoyin daskarewa, kula da ƙoda. Ana ba da maganin bairos mai suna ribabirin, an fi sa rai da shi in an fara da wuri, amma masana ba su haɗu a kan girman amfaninsa ba, kuma yana cutar da ɗan tayi. Na cibiyar da aka tanada ne. Doksisaikilin ba ya kashe bairos, sai dai ana iya ba da shi tare tun da farko, saboda riketsiya mai tsanani ma na rage ƙwayoyin daskarewa.

Malamin Dabbobi:
Naman da ya dahu ba matsala. Haɗarin na wurin yanka da fiɗa da wankin kayan ciki da ɗaukar fata, domin kaska na barin fatar da ta huce ta hau mai ɗauke da ita. A sa safar roba da takalmin roba, a rufe duk wani yanka a hannu, kada a riƙe wuƙa da baki, nono kuma a tafasa. Ragon layya ko sa, a yi masa maganin kaska mako 2 kafin yanka, a duba takardar maganin a ga kwanakin da aka ce a jira kafin a ci nama.

Magungunan da ake samu su ne amitiraz na fesawa, da saifametirin ko deltametirin na zubawa a gadon baya. A bi awon da ke jikin kwalba, tsarma shi da yawa don ya auku shi ke sa kaska ta saba da shi. Amitiraz ba a sa wa doki da jaki. Fametirin na kashe kyanwa. Kuma babu ɗayansu da ake shafa wa mutum ko a zuba wa yaro a ka.

Mai Haɗa Magani:
Tambayar da ake yawan yi a kanta: an cire kaska yau, lafiya ƙalau, a ba da maganin rigakafi?

Likitan Karkara:
A'a. Abin da mutane ke gani a intanet, na shan miligiram 200 sau ɗaya cikin awa 72, na cutar Laim ne a Amurka da Turai, da wata irin kaska da ta yi awa 36 a manne. Ba a nuna yana hana riketsiya ba, kuma ba ruwansa da bairos. Abin da za a ba mutum shi ne bayani: ya sa ido wata guda, in ya ji zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani, ko ya ga ƙuraje ko baƙin ɓawo ko kaluluwa, ya zo a ranar, ya kuma faɗa da bakinsa cewa kaska ta cije shi ran kaza. Ɗan ja da ƙaiƙayi na kwana biyu a wurin cizo ba komai ba ne. Jan da ke faɗaɗa da zafi da ruwa kuwa ƙurji ne, maganinsa daban.

Sista Mai Jinya:
Ga masu shiga daji: kaya masu haske don a gan ta, ƙafar wando cikin safa, man korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 a fatar da ke waje, fametirin kashi 0.5 a tufafi, a bari ya bushe kafin a sa. A yi wanka da an dawo, a kakkaɓe kayan a waje. Wanki da ruwan sanyi ba ya kashe ta, sai ruwan zafi ko guga.

Malamin Dabbobi:
Kaskar kare kuma a tsagar bango da ƙarƙashin tabarmar da yake kwanciya take ƙwai, don haka wanke karen kaɗai ba ya isa. A yi wa wurin kwanansa feshi, a liƙe tsagogin, a maimaita bayan mako 2 don waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya.